Lambobin yaƙi da mazajen da ba su komo ba

A wasu gidaje na Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Dogondutsi, in an buɗe tsohon akwatin ƙarfe na kaka, akan tarar da wani ɗan abu naɗe cikin tsumma. Ƙarfe ne, bai kai tafin hannun yaro ba, an rataye shi ga ɗan ƙyalle mai launi wanda ya koɗe. Wani kewayayye ne kamar kuɗin da. Wani kuma rassa huɗu gare shi, da takubba biyu a gicciye. Wannan abu shi ne lambar yaƙi. Da faransanci ana ce mata médaille.

Masu waɗannan lambobi sojoji ne da suka yi wa Faransa yaƙi a zamanin mulkin mallaka. A da, ranar buki, akan gan su sun jeru a filin taro, sun sha manyan riguna, lambobi na rawa bisa ƙirjinsu. Mutane na ce musu mazan jiya. Su ne waɗanda Allah ya maido gida. Akwai ƴan uwansu dubbai da suka tafi tare, amma ƙasar wasu ta rufe su.

Sojan Sanigal da ba ɗan Sanigal ba

A shekarar 1857 wani gwamnan Faransa mai suna Faidherbe ya kafa rundunar baƙaƙen sojoji a ƙasar Sanigal. Aka sa mata suna tirailleurs sénégalais. Daga baya aka yi ta ɗaukar samari a Sudan ta Faransa, wato Mali ta yau, da Gine, da Dahome, da ƙasar Mosi, da Cadi, da Nijar. Sunan dai bai sake ba. Bahaushe, da Bazabarme, da Babarbare, duk wanda ya sa jar dara da kaki, Nasara na kiransa sojan Sanigal.

Wasu da son ransu suka shiga. Da yawa kuwa tilas ce ta kai su. Kumandan yakan gaya wa sarki yawan samarin da yake so, sarki ya raba wa masu gari, masu gari su nemo. Inda aka ji labarin zuwan masu ɗaukar soja, samari kan gudu daji ko su ƙetare iyaka.

A yaƙin duniya na farko, daga 1914 zuwa 1918, Faransa ta ɗauki mutum wajen 200.000 a Afirka ta Yamma. Kimanin 30.000 ba su komo ba. Suna cikin waɗanda suka ƙwato ganuwar Douaumont, kusa da Verdun, ran 24 ga Oktoba 1916. A watan Afrilu 1917, a wani tudu da ake kira Chemin des Dames, an tura su gaba cikin ruwa da ƙanƙara, yatsunsu sun sandare har riƙon bindiga na gagararsu. Cikin ƴan kwanaki dubbai suka faɗi. Ba kuwa harsashi kaɗai ke kisa ba. A barikin Courneau, kudu da birnin Bordeaux, ciwon huhu ya kashe fiye da 900, aka rufe su wuri guda. Su waɗannan ba wanda ya rubuta musu yabo, don ba a gaban maƙiyi suka mutu ba.

Yadda ake karanta lamba

Lambobin yaƙi iri biyu ne. Akwai wadda ke cewa: mai wannan ya halarci yaƙi kaza. Akwai kuma wadda ke cewa: mai wannan ya yi jaruntaka ran kaza, a wuri kaza. Ta farko duk wanda ya je yana samu. Ta biyu sai wanda shugabansa ya rubuta sunansa cikin takardar yabo.

Wanda ya san lambobi, ƙyallen yake fara dubawa, don kowace lamba da launinta. Lambar da aka fi gani a gidajen mazan jiya ita ce Croix de guerre, mai rassa huɗu da takubba biyu, ta tagulla. An ƙago ta a watan Afrilu 1915. In ƙyallenta kore ne da siraran layuka ja, ta yaƙin farko ce, kuma a bayanta akwai shekaru, kamar 1914-1916 ko 1914-1918. In ja ya fi yawa, kore ya ratsa tsakiya, ta yaƙin duniya na biyu ce. In kuwa shuɗi-shuɗi ne da ja a gefe biyu, to, ta yaƙe-yaƙen nesa ce, irin na Maroko da Indoshin.

Bisa ƙyallen akan ga ɗan tauraro. Shi ma magana yake yi. Tauraron tagulla na nufin shugaban ƙaramar runduna ne ya yi yabon. Na azurfa, janar mai runduna babba. Mai ruwan zinariya, wanda ya fi shi. In kuwa ɗan reshen ganye ne maimakon tauraro, yabon ya fito daga shugaban rundunar yaƙi baki ɗaya. Soja guda na iya samun taurari uku ko huɗu bisa ƙyalle ɗaya, kowane da ranarsa.

Sama da wannan akwai Médaille militaire, mai ƙyalle rawaya da kore a gefe, wadda aka kafa a 1852 domin ƙananan sojoji. Sai Légion d'honneur mai jan ƙyalle, ta zamanin Napoléon, tun 1802. Ita ce babbar lambar Faransa, kuma baƙin sojan da ya same ta a wancan zamani ɗai-ɗai ne.

Cikin lambobin halarta, akwai ɗaya da ta cancanci a tsaya kanta. Ita ce Médaille coloniale, ta 1893, mai ƙyalle shuɗi da fari. Akan maƙala mata ɗan sandan ƙarfe da aka rubuta sunan ƙasar da aka yi yaƙin: Tchad, ko Sahara, ko Maroc, ko Afrique occidentale française. Wasu sandunan na yaƙi da sojojin Hitila da na Italiya ne a hamadar Libiya, kamar Koufra da Bir-Hakeim. Amma da yawa na yaƙin cin ƙasashen Afirka ne. Akwai mai rubutun Mission saharienne, ta ayarin Foureau da Lamy, wanda ya biyo ta Agadas da Damagaram a 1899, ya je ya yaƙi Rabe a Kusuri ran 22 ga Afrilu 1900. Tun kafin nan, a 1892, an buga wata lamba domin waɗanda suka yaƙi sarki Behanzin na Dahome, kuma cikinsu akwai bataliyar da Faransawa ke kira tirailleurs haoussas, ko da yake ba dukansu ne Hausawa ba.

Nan ne maganar ke da nauyi. Baƙaƙen sojoji ne ke riƙe da bindigogin Voulet da Chanoine ran da aka auka wa Lugu, garin Sarauniya, da Birnin Ƙonni, a 1899. Su ne kuma ke cikin barikin Agadas da Kawusan ya kewaye daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917. Saboda haka lamba ba ta cewa yaƙin na gaskiya ne ko na zalunci. Abin da take shaida kawai shi ne mutumin ya je, ya ga wuta. Sauran bayani sai a littafin tarihi da bakin tsofaffi.

Masu tara lambobi

A ƙasashen Turai akwai mutanen da sha'awarsu ita ce tara lambobin yaƙi, kamar yadda wasu ke tara tambarin wasiƙa ko tsofaffin kuɗi. Suna yawo kasuwannin tsofaffin kaya, suna zuwa wurin gwanjo, suna saye, suna musaya. Wannan sani har suna gare shi da faransanci: phaléristique. A birnin Paris akwai gidan tarihi na lambobi kaɗai, wanda aka buɗe a 1925.

Sabon shiga yakan zaci ƙarfen ne ke da tsada. Ba haka ba ne. A yaƙin farko kaɗai an rubuta yabo fiye da miliyan 2, don haka Croix de guerre ba ta da wuyar samu. Abin da masu tarawa ke nema shi ne sunan mai ita. To, ga matsala: yawancin lambobin Faransa ba a buga suna bisa su. Sunan yana cikin takardar da ke rakiyar lamba, da cikin ɗan littafin soja, wanda ake kira livret militaire. A nan ne aka rubuta lambar mutum, da garinsu, da rundunarsa, da wuraren da ya yi yaƙi, da raunukan da ya ji. Ran da lamba ta rabu da takardarta, ta zama marainiya. Ba mai iya cewa ta wane ce har abada.

Ingilishi sun bi wata hanya. A yaƙin farko sun buga sunan soja, da lambarsa, da rundunarsa a gefen ƙarfen. Shi ya sa in mai tarawa ya sami lambar wani sojan Kano ko na Katsina da ya yi yaƙin Kamaru a 1914 zuwa 1916, yana iya karanta sunansa nan take. Sun kuma yi wa iyalan mamata wani faifan tagulla mai faɗin santimita 12, da sunan mamacin kaɗai, ba muƙami, don a nuna mutuwa ba ta san babba da ƙarami ba. Dabara ce mai kyau, amma ba kowa aka yi wa adalci ba. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojojin Ingila ta amsa cewa aƙalla mutum 116.000, mafi yawansu ƴan Afirka da ƴan Masar, ba a rubuta sunansu ko'ina ba.

Mai tarawa na ƙwarai ba ya tsayawa ga saye. In ya sami suna, sai ya shiga bincike. Tun 1915 dokar Faransa ta ce a rubuta Mort pour la France, wato ya mutu domin Faransa, bisa takardar duk sojan da yaƙi ya ci. Katunan mamatan yaƙin farko sun fi miliyan 1 da dubu 300, kuma tun 2003 ana iya duba su ta intanet. Kowane kati na ɗauke da suna, da rana, da wurin mutuwa, da irin mutuwar. Sai dai neman ɗan Afirka cikinsu akwai wuya. Magatakardan da ya ɗauki sunansa ba ya jin harshensa, yadda kunnensa ya ji haka ya rubuta. Shekarar haihuwa kuwa ƙiyasi ce. Sau da yawa sunan ƙasar kumandan kaɗai aka sa, ba sunan ƙauye ba.

Akwai kuma marasa kirki cikin sana'ar. Wasu na haɗa lambar wani da takardar wani don kuɗi su ƙaru. Wasu na ƙara taurari bisa ƙyallen da ba shi da ko ɗaya. Wasu na raba kayan soja guda, su sayar da lamba nan, hoto can, littafi wani wuri, don riba. Wannan shi ne mafi muni, gama kamar sake kashe mutumin ne. Ajiye lambar wani ba laifi ba ne, amma a Faransa duk wanda ya rataya lambar da ba a ba shi ba ya fita bainar jama'a, doka na iya ɗaure shi shekara guda.

Hotuna takwas na Chasselay

Ga misalin abin da mai tara kayan yaƙi ke iya tonowa.

A watan Yuni 1940 sojojin Jamus sun ci arewacin Faransa, suna gangarowa kudu. Aka ba runduna ta 25 ta tirailleurs umurnin tare hanyar birnin Lyon. Ran 19 da 20 ga wata suka yi faɗa a wajen wani ƙauye mai suna Chasselay har harsashinsu ya ƙare, sannan suka ba da kai. Dokar yaƙi ta hana a taɓa wanda ya ajiye makami. Amma Jamusawa suka ware fararen sojoji gefe guda, baƙaƙe gefe guda. Suka kora baƙaƙen, kusan mutum 50, cikin wata gona, tankokin yaƙi suka buɗe musu wuta. Ba nan kaɗai aka yi haka ba. Masana tarihi na lissafa baƙaƙen sojoji 1.500 zuwa 3.000 da aka kashe bayan an kama su a wannan bazara. Cikinsu akwai kapitan Charles N'Tchoréré, ɗan Gabon, wanda aka harbe a Airaines ran 7 ga Yuni don ya ƙi yarda a raba shi da sauran hafsoshi ƴan uwansa.

Mutanen Chasselay suka tattara gawawwakin suka rufe. Daga baya wani ma'aikaci mai suna Jean Marchiani ya sayi fili, ya gina maƙabarta mai jan bango da sororuwa irin ginin ƙasar Sudan. Ana kiranta Tata, kalmar da ke nufin ganuwa. An buɗe ta ran 8 ga Nuwamba 1942. Baƙaƙen sojoji 188 ke kwance cikinta, kuma da yawa cikin kaburburan babu suna, sai kalmar inconnu, wato ba a san shi ba.

Shekara da shekaru ana ɗora laifin kisan bisa rundunar SS, ƴan gaban goshin Hitila. A 2019 wani matashi Bafaranshe, mai tara tsofaffin hotunan yaƙi, ya sami kundin wani sojan Jamus. Cikinsa akwai hotuna takwas. Ga fursunonin suna tafiya hannu sama, ga tankoki a bakin gona, ga gawawwaki cikin ciyawa. Ya kai wa masanin tarihi Julien Fargettas. Da suka duba alamun da ke jikin tankokin, sai suka gane ba SS ba ne, rundunar tankoki ta 10 ce ta sojojin Jamus na yau da kullum. Abin da aka yi shekara kusan 80 ana faɗi ba daidai ba, ƴan hotuna takwas suka gyara shi. Bincike cikin takardun soja kuma ya fito da wasu sunaye, har a watan Janairu 2022 aka kafa alluna a Tata masu ɗauke da sunayen sojoji 25 da aka manta.

Lambar da ta makara

Soja na iya samun lamba bayan mutuwarsa. Bayan yaƙin farko an ba mamata da yawa Médaille militaire, a kai wa iyayensu ko matansu. A Faransa wannan abu ne mai sauƙi, don akwai adireshi. A Afirka kuwa sai takarda ta bi ta hannun gwamna, da kumandan, da sarki, tana neman gidan mutumin da aka rubuta sunansa a karkace. Ba kowane gida ta isa ba.

Wata lambar kuma takan yi nawa ƙwarai. Addi Ba, ɗan Gine, Jamusawa sun kama shi a 1940, ya tsere, ya shiga dazukan Vosges, ya taimaka aka kafa sansanin masu yaƙin sunƙuru. Aka sake kama shi, aka azabtar da shi, bai tona kowa ba. Aka harbe shi a garin Épinal ran 18 ga Disamba 1943. Lambarsa ta Résistance ba ta fito ba sai a 2003, bayan shekara 60.

A 1998 Faransa ta yanke shawarar ba da Légion d'honneur ga duk wanda ya rage da rai cikin sojojin yaƙin farko. A ƙauyen Thiowor na Sanigal akwai wani tsoho, Abdoulaye Ndiaye, mai shekara 104, wanda aka ji wa rauni a Beljik a 1914 da kuma a Somme a 1916. Aka sa ranar 11 ga Nuwamba jakadan Faransa zai zo ya rataya masa. Ya rasu ran 10.

Akwai waɗanda ba lamba suka nema ba, haƙƙinsu suka nema. A ƙarshen 1944 aka maido wasu tirailleurs da suka yi shekara huɗu a hannun Jamus, aka sauke su a barikin Thiaroye, kusa da Dakar. Suka ce ba za su wuce gida ba sai an biya su kuɗinsu da aka riƙe. Da safiyar 1 ga Disamba sojojin Faransa suka harbe su. Rahoton hukuma ya ce mutum 35, wani ya ce 70, wasu masana kuwa na cewa ɗaruruwa ne. Sai a 2024 aka rubuta wa shida cikinsu Mort pour la France, kuma shugaban Faransa ya amsa a rubuce cewa kisan gilla ne.

Waɗanda suka rayu ma sun ga tasu. Wata doka ta Disamba 1959 ta daskarar da kuɗin fanshon tsofaffin sojojin Afirka, ya tsaya inda yake, na ƴan uwansu Faransawa na ta hawa. Lamba iri ɗaya, rauni iri ɗaya, kuɗi dabam. Wani tsohon soja ɗan Sanigal, Amadou Diop, ya kai ƙara, babbar kotu ta ba shi gaskiya a 2001, amma hukuncin ya tarar ya riga ya rasu. Ba a daidaita kuɗin duka ba sai a 2011, lokacin da masu cin moriyar suka rage kaɗan.

In akwai lamba a gida

Gidan da ya gaji lambar yaƙi, ya gaji abin da kuɗi ba su maidowa. Masu sayen tsofaffin kaya kan zo su ba da ƴan jikkuna, su tafi da ita, daga nan ba ta komowa. Ya fi kyau a bar ta inda aka san mai ita.

Ba a goge ta da toka ko yashi, don rubutunta na shafewa. Ba a wanke ƙyallen, ko ya yi dauɗa, kuma ba a cire taurarin. A naɗe ta cikin tsumma mai tsabta, a sa cikin gwangwani mai marfi, nesa da laima. Takardu kuwa gara ce babbar abokiyar gabarsu, sai ruwan damina. A haɗa lamba, da littafin soja, da takardar yabo, da hoto in akwai, duk wuri guda, kada magada su raba su ran rabon gado.

Ɗan makarantar da ya iya karatun faransanci na iya buɗe littafin, ya karanta wa mutanen gida abin da ke ciki, ya kwafe suna da lambar soja da sunan runduna cikin kayensa. Sannan ya je wurin tsofaffin gidan ya tambaye su: wace shekara aka tafi da shi, su wa aka ɗauka tare da shi a garin, su wa suka komo, su wa ba su komo ba. Ya rubuta sunayen yadda ake faɗinsu da hausa, da sunan uba, da sunan ƙauye.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake kiran sojan da aka ɗauka a Nijar tirailleur sénégalais?
2. Me tauraron azurfa ke nufi bisa ƙyallen Croix de guerre?
3. Don me lambar Faransa ke zama marainiya in ta rabu da takardarta?
4. Wane kuskure hotunan Chasselay suka gyara?
5. Ku tambayi tsofaffin unguwarku sunayen mazan jiya na garinku, ku kawo su aji.